Awa 10,000, Kujera Ɗaya

Gogen Turawa, wanda ake kira bayolin, ba ya rufa wa mai kaɗa shi asiri. Wanda ya danna maɓallin fiyano, ko yaro ne ko gwani, sautin da maƙeri ya ajiye a wurin shi zai fito. Mai jita yana da 'yan ƙarafa jere a wuyan jitarsa suna nuna masa inda zai aza yatsa. Mai bayolin ba a bar masa ko ɗaya ba. Tsirkiya huɗu ce miƙe a kan wani baƙin katako sumul, babu layi babu alama, kuma iyakar abin da ke kaɗawa a kowace tsirkiya bai wuce santimita 33 ba. Yatsa ya kauce da milimita ɗaya ko biyu, kunnen da ya san kiɗa ya ji. Da hannu ya ƙara hawowa wajen fuskar makaɗin, sai tazarar da ke tsakanin sauti da sauti ta ƙara matsewa, har a kai inda sai wannan yatsa ya ɗaga kafin maƙwabcinsa ya sami wurin sauka. Hannun dama kuwa yana riƙe da baka mai nauyin kusan giram 60, an ɗaura masa izgar doki an goga mata ƙaro, yadda masu gogen ƙasar Hausa suke yi wa nasu. Nauyin da hannun ya saukar, da saurin da ya ja, da daidai wurin da izgar ta taɓa tsirkiya, su ne ke raba zaƙin murya da ƙaraji. Jiki ba ya riƙe irin wannan awo da kansa. Kwana kaɗan aka bar shi, yatsu sun fara lalube. Shi ya sa duk wanda ya ɗauki wannan goge da gaske, kullum ta Allah sai ya keɓe ya yi atisaye, tun yana ɗan shekara 5 ko 6 har ranar da ya ajiye sana'ar.

Abin da ake yi a keɓewar nan bai cika kama da kiɗa ba. A ɗauki ɗaliba 'yar shekara 17 da ke shirin neman gurbi a kwalejin kiɗa. Ko a Berlin take ko a Seoul ko a Landan, tsarin yininta kusan ɗaya ne. Bayan ta saita tsirkiyoyi, za ta ja baka a hankali daga gindi har ƙarshe ba tare da ta aza yatsa ba, tana sauraron ko murya za ta yi rawa a tsakiya. Daga nan sai hawa da saukar sautuka, yawanci daga littafin da Carl Flesch ya fitar a 1926, sai darussa 42 na Rodolphe Kreutzer, waɗanda ɗalibai ke fama da su sama da shekara 200, sai wani yanki daga abin da Bach ya rubuta a 1720 don goge ɗaya tilo, sannan babban kiɗan da za ta kai gaban alƙalai, na Mendelssohn ko Bruch ko Sibelius. Shi ma ba daga farko zuwa ƙarshe za ta bi shi ba. Akwai wuri guda inda hannun hagu zai tashi daga ƙasan wuya ya dira can sama a kan sauti ɗaya, kuma jiya ya riƙa dira ƙasa da wurin da kaɗan. A nan za ta tsaya. Ta kaɗa sautin da ake tashi daga kansa, ta rera wanda za a dira a kai da bakinta don kunne ya riga hannu isa, ta zame yatsa sannu a hankali har ya kai, ta lura da inda gwiwar hannu ta tsaya da inda babban yatsa ya koma. Ta sake, ta sake, ta kunna na'urar ƙirga bugu a kan tafiyar hawainiya, ta ɗan ƙara mata sauri, ta kuma ƙarawa. Minti 20 na iya tafiya a kan abin da ba zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ba a dandali. Wani tabo mai duhu a ƙarƙashin muƙamuƙin hagu, da kanta a kan yatsu huɗu, su ne shaidar da take fitowa da ita.

Mutum ba ya irin wannan zama shekara da shekaru sai da wani lissafi a zuciyarsa, kuma lissafin da yawancin waɗannan matasa ke yi mai sauƙi ne: kowace awa da aka zuba tarawa ake yi, ranar da ta cika za a karɓi sakamako, ko dai kujera a babbar ƙungiyar makaɗa ko suna a jikin allon talla. Iyaye suna wannan lissafi, malamai da dama suna ƙarfafa shi don yana sa yaro ya zauna. Sai dai lissafin ya haɗa abubuwa biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Atisaye yana kawo iyawa, shi ma idan an yi shi yadda ya kamata, kuma zuwa wani haddi. Samun aiki kuwa yawan kujerun da ke akwai ne ke yanke shi, da kuɗin da gwamnatoci da masu hannu da shuni suka ga damar zubawa, da yawan waɗanda suka zo nema rana ɗaya. Matashin da ya cakuɗa su zai cutu ta fuska biyu: zai ɓata atisayensa da ƙirgar awanni, kuma zai isa fagen neman abinci bai shirya masa ba.

Lambar nan da ake yawan ambata, awa 10,000, daga masu goge ta samo asali. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa biyu, Ralf Krampe da Clemens Tesch-Römer, suka wallafa binciken da suka yi a kwalejin kiɗa ta Yammacin Berlin. Sun sa malaman makarantar sun zaɓo musu ɗalibai 10 da ake ganin za su iya zama taurari a duniya, da wasu 10 masu kyau amma ba su kai na farko ba, sannan suka ƙara da 10 daga sashen da ke horar da malaman kiɗa na makarantu. Kowa ya rubuta yadda makonsa guda ya tafi, kuma ya kimanta awannin da ya yi yana atisaye shi kaɗai tun daga yarinta. Zuwa shekara 18, 'yan rukunin farko sun tara awa 7,410 a matsakaici, na biyu 5,301, na uku 3,420. Zuwa shekara 20 na farkon sun doshi 10,000. Da ɗan jarida Malcolm Gladwell ya ɗauko wannan a littafinsa Outliers a 2008, sai lambar ta zama doka a bakin mutane. Ericsson kansa ya sha nanatawa, kafin rasuwarsa a 2020, cewa ba haka ya ce ba: matsakaici ne, rabin rukunin ba su kai ta ba, kuma a shekara 20 ɗin ɗalibai ne tukuna. Abin da aka fi mantawa a binciken yana cikin rubutun mako gudan nan. Duka rukunan uku suna ba harkar kiɗa kusan awa 50 a mako. Bambancin yana wurin zaman kaɗaici: na farko da na biyu awa 24 a mako, wato kusan uku da rabi a yini, na uku awa 9. Ukun da rabin nan ma ba a jere suke yin su ba. Suna yanka su gida biyu ko uku, sukan ɗauki awa ɗaya da 'yan mintoci a zama guda, mafi yawa da hantsi, sauran bayan azahar, kuma sun fi 'yan rukuni na uku barci, har da na rana. Mutanen da aka kafa hujjar bautar dare da rana da su, ashe masu ƙailula ne.

Binciken da ya biyo baya ya ƙara rage wa lambar kwarjini. A 2014 Brooke Macnamara da David Hambrick da Frederick Oswald suka tattara nazarce-nazarce 88, suka auna nawa ne daga bambancin da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba za a iya jingina wa yawan atisaye. A fannin kiɗa suka sami kashi 21 cikin 100. A 2019 Macnamara da Megha Maitra suka maimaita binciken Berlin ɗin kansa da masu goge 39, 13 a kowane rukuni. 'Yan rukunin ƙasa dai an bar su a baya nesa, kamar yadda aka zata. Amma tsakanin masu kyau da mafiya kyau awanni ba su raba gardama ba, hasali ma masu kyan sun ɗan fi tarawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga ɗalibar da aka siffanta. Awanni za su fitar da ita daga taron masu kaɗawa don nishaɗi su kai ta sahun ƙwararru. Da ta shiga sahun, kowa a wurin ya yi irin zaman da ta yi, kuma ɗora awa ta shida a kan ta biyar ba zai sa ta wuce na kusa da ita ba.

Nan ne mai saurin yanke hukunci zai ce to ai magana ta ƙare, baiwa ce kawai, wanda Allah ya ba ya ba shi, sauran wahalar banza suke. Yana ma da abin kafa hujja. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2014 kan tagwaye fiye da 10,000 ya gano cewa tagwaye masu kama ɗaya, ko da ɗaya ya fi ɗan'uwansa atisaye nesa ba kusa ba, kunnensu wajen bambance sauti da kari yakan zo ɗaya, kuma ko son zama a yi atisayen ma akwai gado a cikinsa. Sai dai kunne aka auna a can, ba a miƙa wa kowa goge an ce ya kaɗa ba. Kashi 21 ɗin ma ba abin rainawa ba ne, domin shi ne kason da ke hannun mutum. Tarihin Yehudi Menuhin ya isa misali. Ba a cika samun yaro mai baiwarsa ba: a watan Afrilun 1929, saura 'yan kwanaki ya cika 13, ya tsaya a Berlin gaban makaɗan da Bruno Walter ke jagoranta ya kaɗa manyan kiɗe-kiɗe uku na Bach da Beethoven da Brahms a dare ɗaya. Amma tun kafin nan, da aka kai shi wurin tsohon gwani Eugène Ysaÿe a Brussels, dattijon ya saurare shi, sannan ya ce ya yi masa wani hawan sautuka da kowane ɗalibi ke yi da safe, yaron ya yi ta lalube. Menuhin bai zauna karatu wurinsa ba. Da ya girma, abin da hannunsa ke yi da kansa ba tare da ya san yadda ake yi ba ya fara kuɓuce masa, musamman a hannun baka, ya shafe shekaru yana koyon tushen da ya tsallake.

Ashe ke nan abin dubawa shi ne me aka yi a cikin awar. A 2009 Robert Duke da abokan aikinsa a Jami'ar Texas da ke Austin suka ba ɗaliban fiyano 17 wani ɗan gajeren yanki mai wuya daga kiɗan Shostakovich, suka ce kowa ya yi bitarsa iya son ransa, gobe a dawo a gwada. Washegari, tsawon lokacin da mutum ya ɗauka da yawan maimaicin da ya yi ba su nuna wa zai fi ba. Abin da ya nuna shi ne sau nawa aka kaɗa yankin ba daidai ba, da yadda aka bi da kuskure. Ukun da suka fi kowa suna gane takamaiman inda matsalar take, su tsaya kafin su sake afka mata, su rage sauri har sai ta gyaru. Dalilin a fili yake: hannu ba ya tantance abin da ake so ya koya da abin da aka yi bisa kuskure, duk abin da aka maimaita shi yake ajiyewa. Wanda ya dira ƙasa da sauti sau 30, sannan ya dace sau ɗaya ya ce alhamdu lillahi ya wuce gaba, kuskuren ya haddace. Tsofaffin malamai sun san haka tun ba a shiga ɗakin bincike ba. Leopold Auer, wanda ya koyar a St. Petersburg kusan shekara 50 kuma ya yaye Jascha Heifetz da Mischa Elman, yana hana ɗalibansa wuce minti 30 zuwa 40 ba su huta ba. Ivan Galamian, wanda ya kafa makarantar hutun bazara ta Meadowmount a jihar New York a 1944, ya raba lokacin ɗalibi gida uku: na gina hannu, na fahimtar kiɗan, da na kaɗa shi daga farko har ƙarshe ba tsayawa kamar ana gaban jama'a, domin wanda ya saba tsayawa a kowane kuskure zai tsaya a dandali ma. A 2017 Hilary Hahn ta fara saka gajerun bidiyo na atisayenta a Instagram kwana 100 a jere, kuma abin lura a cikinsu shi ne rashin armashinsu: ga mace da ta kaɗa a manyan zaurukan duniya tana jan 'yan sautuka a hankali tana sake su.

Wuce haddi kuma ba asarar lokaci kaɗai ba ce. Riƙon bayolin ba tsayuwar da jiki ya saba ba ce: wuya a karkace, hannun hagu a murɗe, na dama a ɗage, awa bayan awa. A binciken da aka wallafa a 1988 kan makaɗa fiye da 2,000 na manyan ƙungiyoyin Amurka, kashi 76 cikin 100 sun ce sun yi fama da wata larura mai tsanani da ta shafi kiɗansu, kashi 27 kuma sun ce suna shan maganin da likitoci ke ba masu ciwon zuciya da hawan jini don ya hana hannu rawa a gaban jama'a. Akwai wata cuta da makaɗa suka fi tsoro, wadda sau da yawa ba ta zuwa da zafi: yatsa ya daina bin umarni, ya naɗe da kansa da zarar an ɗauki goge, alhali yana iya ɓalla maɓallin riga lafiya lau. Matsalar a ƙwaƙwalwa take, tana kama kusan ɗaya cikin 100 na ƙwararrun makaɗa, kuma likitoci suna danganta ta da yawan maimaita motsi ɗaya da matsa wa kai. Ita ta kama Reinhard Goebel na birnin Kolon a 1990, har ya koma koyon riƙe goge da ɗaya hannun, daga baya ya bar kaɗawa ya koma jagorancin makaɗa. Matashin da ke ƙirga awanni shi ya fi kusa da wannan rami, domin yakan ɗauki ciwo shaidar ƙwazo, ya ɓoye wa malaminsa, ya ci gaba.

A ce ɗalibar ta tsallake duk wannan, ta iya, jikinta lafiya. Yanzu sai maganar kujeru. Jamus ta yi fice wajen yawan ƙungiyoyin makaɗa da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, kuma can ne matasa daga Koriya da Sin da Rasha ke kwarara. A 1992, jim kaɗan bayan haɗewar ƙasar, akwai irin waɗannan ƙungiyoyi 168. Haɗe-haɗe da rufe-rufe sun mayar da su 129. Manyan makarantun kiɗa na gwamnati 24 kuwa ba su fasa yaye ɗalibai kowace shekara ba. Wanda ya sami kujera yakan zauna a kanta shekara 30 ko fiye, don haka gurbi ba ya buɗewa kullum, kuma idan ya buɗe a babbar ƙungiya takardun nema sukan haura 100. Wanda aka gayyata gwaji zai biya kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, a ba shi lamba, ya jira a inda kowa ke bitar abu ɗaya da nasa. A Amurka, tun da ƙungiyar Boston ta fara sa labule a 1952 kuma sauran suka bi sahu a shekarun 1970 da 1980, alƙalai ba sa ganin mai kaɗawa a zagayen farko. Har darduma ake shimfiɗawa don kada ƙarar takalmi ta tona ko mace ce. Zai kaɗa farkon wani kiɗan Mozart, da shafin farko na Don Juan na Richard Strauss, da wasu 'yan gutsattsari, cikin 'yan mintoci wata murya daga bayan labule ta yi masa godiya. Wani lokaci a gama gwajin a ce ba a ɗauki kowa ba. Wanda ya ci ma da sauran rina a kaba: a babbar ƙungiyar Berlin sai ya yi zaman gwaji na shekara biyu, sannan abokan aikinsa su kaɗa ƙuri'a, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda.

A ƙarshen 2004 jaridar New York Times ta bi sawun makaɗa 44 da suka gama Juilliard a 1994, makarantar da shigarta kaɗai abin alfahari ne. Ta sami labarin 36. Daga cikinsu 11 suna da cikakken aiki a ƙungiyar makaɗa, aƙalla 12 sun daina kaɗawa don neman abinci, yawancin sauran suna haɗa koyarwa da kiɗan haya nan da can. A Birtaniya, ƙidayar makaɗa ta 2023, wadda ta haɗa masu kowane irin kiɗa, ta nuna matsakaicin abin da makaɗi ke samu daga kiɗa a shekara fam 20,700 ne, kuma kashi 43 cikin 100 ba sa kai fam 14,000. Ba mai cewa 12 ɗin can ragwaye ne. Ba a shiga Juilliard da ragwanci. Kujerun ne ba su kai ba.

Hujja mafi ƙarfi ta masu adawa da duk abin da aka faɗa ita ce ta malamai da iyaye: ɗan shekara 12 ba zai bar ƙwallo ya zauna da goge don an nuna masa jadawalin albashi ba. Buri ne ke zaunar da shi, in aka karya burin da alƙaluma an karya atisayen, sannan 'yan kaɗan ɗin da da za su kai ma ba za su kai ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba wanda ya ce a tara ƙananan yara a karanta musu ƙidayar Birtaniya. Amma yaron da burin dandali kaɗai ke riƙe da shi yana kan siraɗi, domin ranar da ya faɗi gasa ta farko, ko ya ji wata 'yar shekara 11 a intanet ta fi shi, dalilinsa na buɗe akwatin goge ya tafi. Wanda aka koya wa gyaran kansa, ya san daɗin dirar da jiya ta ƙi yau ta zauna, yana da abin da alƙali ba zai ƙwace masa ba, kuma shi zai fi daɗewa a kan aikin. Sannan ɗan shekara 17 ba ɗan 12 ba ne. Yana gab da yanke shawarar da za ta ci kuɗin gidansu da shekarun da tsararrakinsa ke koyon wasu sana'o'i, ga shi goge mai kyau da baka mai kyau kaɗai sukan ci dubban daloli. Ɓoye masa alƙaluma a wannan gaɓa cuta ce, ko da an yi ta da sunan tausayi; a lura kuma, makarantar da ke karɓar kuɗinsa ba ta da wata riba a faɗa masa.

Wata hujjar ita ce mai waiwaye ba ya kaiwa, duk wanda ya tanadi wata hanya ya riga ya sare. Ana son wannan magana a makarantun kiɗa, amma tarihin gogen bai gaskata ta ba. Fritz Kreisler ya ci babbar lambar kwalejin Paris a 1887 yana ɗan shekara 12, daga baya ya jingine goge ya taɓa karatun likita, ya yi aikin soja, ya nemi kujera a ƙungiyar makaɗan birnin Biyana na Ostiriya aka ƙi ɗaukarsa. Daga 1899 ya zama ɗaya daga cikin masu gogen da duniya ta fi so. Midori, wadda tsirkiya ta tsinke mata sau biyu a bikin kiɗa na Tanglewood a 1986 tana 'yar shekara 14, ta karɓi gogen na kusa da ita ta ci gaba a gaban Leonard Bernstein da ke jagorantar makaɗan, ta kafa gidauniyar koyar da kiɗa a makarantun New York a 1992, ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a 2000, kuma ba ta fasa kaɗawa ba. Ba an kawo su don a ce kowa zai zama su ba. Kafa hujja da taurari shi ne kuskuren da ke raya lissafin awanni, domin waɗanda suka yi irin ƙoƙarinsu ba su kai ba, ba a hira da su. Iyakar abin da suke nunawa shi ne ko a can ƙololuwa, leƙa wani fage bai rage wa hannu komai ba. In dai zaman kaɗaici mai amfani bai wuce awa 4 ko 5 ba, to yini yana da sauran awanni, kuma dole a zuba wani abu a cikinsu.

Abin da ya kamata a zuba yana fitowa ne idan aka duba aikin da mai goge zai yi a zahiri. Kwaleji tana horar da shi kamar zai tsaya shi kaɗai a gaba: shi da malami, shi da babban kiɗa, shi da ra'ayinsa kan yadda kowace jimla za ta tafi. In ya yi sa'a ya sami kujerar da ya yi shekaru yana nema, zai zauna cikin masu goge kusan 30, 16 a sahun farko 14 a na biyu, mutum biyu suna duba takarda ɗaya, na ciki yana juya shafi. Shugaban sahu ne ke yanke inda baka zai hau da inda zai sauka, madugun da ke jagorantar makaɗan ne ke yanke sauri da ƙarfi, kuma babban yabon da za a yi masa shi ne ba a jin muryarsa daban. A 1996 Richard Hackman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa Jutta Allmendinger da Erin Lehman suka wallafa nazarin ƙungiyoyi 78 a Amurka da Birtaniya da Jamus ta Gabas da ta Yamma. Da suka jera gamsuwar makaɗan da aikinsu tare da ta masu wasu sana'o'i, 13 gaba ɗaya, sai makaɗan manyan ƙungiyoyi suka zo na 7, ƙasa da gandirobobin gidajen yarin tarayya na Amurka. Waɗanda suka zo na ɗaya su ma masu jan baka ne: 'yan ƙungiyar mutum huɗu, waɗanda ba su da madugu, su ke zaɓar abin da za su kaɗa, su yi gardama a kan kowace jimla, su nemo wa kansu wurin wasa. Samunsu bai kai na 'yan babbar ƙungiya tabbas ba, kuma abubuwan da suke rayuwa da su na daban ne: karanta sabuwar takarda a kallo ɗaya, sauraron na kusa da kai ka daidaita sautinka da nasa, faɗa wa abokin aiki ya yi sauri ba tare da an ɓata ba, koya wa yaro riƙon baka, rubuta wasiƙar neman tallafi, tsara kasafin tafiya. Waɗannan sai da mutane ake koyonsu, kuma ɗalibin da ke ganin zaman bita da abokai uku lokaci ne da aka sace daga atisayensa yakan fara koyonsu ne bayan ya gama makaranta, lokacin da kuɗin haya ya riga ya hau kansa.